Lardin Da Ba Su Da Kowa

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci. Bibiana na durƙushe a bakin murhu tana juya faten tsaki, 'yarta Nnenna goye a baya, sai wayar surukarta ta yi ƙara a falo.

Mama Sarah ba ta iya amsa waya a asirce ba. Kullum sai ta danna sifika ta ɗora ta a cinya, har ɗaliban da ke haya a ɗakunan baya su ji. Muryar Elizabeth ce, babbar 'yarta da ke aikin jinya a Kanada, yayar Othniel mijin Bibiana.

"Mama, Othniel na kusa?"

"Ga shi nan, yana jin ki."

"Othniel, na gama bincike. Ka san kowane lardi a nan yana zaɓar ma'aikatan da yake so, ya miƙa sunansu a ba su takardar zama. Namu na Manitoba yana ɗaukar wanda yake da ɗan'uwa da zai tsaya masa. Zan sa hannu. Amma ka ji ni da kyau, kai kaɗai zan tsaya wa. A fom ɗin ka rubuta ba ka da aure."

Muciyar ta tsaya cak a hannun Bibiana.

"Ba ni da aure kamar yaya, Yaya? Ga mata, ga 'ya."

"Wa ya san wannan a nan? Ka zo ka kafu tukuna, daga baya a san yadda za a yi da su. Ni ba zan ɗauki nauyin mutum uku ba, ballantana... ka dai gane."

Bibiana ta gane sarai. A Sabon Garin Zariya aka haife ta, Hausa ta fi Ibo zama a bakinta, amma a wurin dangin mijinta har yau ita 'yar Ibo ce da ta shigo musu gida. Wannan bai dame ta ba kamar amsar da ta ji daga bakin mijinta.

"To, Yaya. Bari in yi tunani."

Othniel makaniken taraktoci ne, gwani kuwa. Tun da kamfanin noman da yake yi wa aiki ya rufe, suka kasa riƙe haya, suka dawo Samaru gidan mahaifiyarsa, aka share musu ɗakin da ake ajiye masara. A wannan ɗakin ta tare shi bayan an ci abinci.

"Tunanin me za ka yi, Baban Nnenna?"

Ya ƙi haɗa ido da ita. "Bibi, dubi inda muke kwana. Sirof ɗin tarin yarinyar nan ma Mama ce ta saya. Ni namiji ne, amma sabulun wanka sai na roƙa."

"Babu wani lardin sai na Yaya Elizabeth?"

"Akwai Saskatchewan. Suna neman makanikan injinan gona. Amma can sai wani kamfani ya ba ka aiki tun kana nan, sannan lardin ya duba ka. Ba mu da kowa a can. Wa zai ɗauki mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba?" Ya riƙo hannunta. "In na shiga, zan ɗauke ku. Kin san ba zan yashe ki ba."

Ta so ta yarda. Amma zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Washegari ta hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari. Ba shagon mahaifinta ta fara zuwa ba, layin masu atamfa ta nufa, wurin Anti Modupe tela, wadda kowa ya san mijinta yana Kanada. Ta zayyana mata komai. Modupe ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ta juyo wurinta.

"Ƙanwata, zauna. Haka mijina Abiodun ya tafi. Shi ma ce masa aka yi ya rubuta gwauro ne, wai ya fi sauri. Ni da kaina na raka shi ɗaukar hoton fasfo. Da ya samu takarda ya nemi ya ɗauke mu, suka ce a wurinsu ba shi da mata. Wanda ba ka ambata tun farko ba, ba ka isa ka kawo shi daga baya ba. In ya matsa, shi ma sai su tuhume shi da ƙarya."

"Yanzu fa, Anti?"

"Yanzu?" Ta yi wata dariya mara daɗi. "Waya sai Kirsimeti. Autana ba ya gane muryarsa. Na ji an ce akwai wata, ban tambaya ba."

Bibiana ba ta san yadda ta koma Samaru ba. Ta tarar da Mama Sarah a tsakar gida tana gwada wa Othniel wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo, tana ta fara'a. Bibiana ta durƙusa a gabansu, ta faɗi abin da ta jiyo, hawaye na zuba.

Mama Sarah ta ninke rigar a hankali. "Na ji. To sai me? Ki bar shi ya tafi ya ceci kansa mana. Ni na haife shi, ina kallon sa yana lalacewa a gabana. Ke son sa kike yi, ko riƙe shi kike son yi?"

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta juya wurin mijinta.

"Baban Nnenna, in za ka rubuta wa Turawa ba ka da mata, fara faɗa mini a nan. Ka faɗa da bakinka a gaban Mama, in ji."

Othniel ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuyar da kai. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Bibiana ta miƙe, ta saɓa 'yarta, ta ɗauki jaka ɗaya ta fita.

Mahaifinta, Papa Callistus, mai sayar da kayan gyaran babur, bai yi mamaki ba. "Tun farko na faɗa miki mutanen nan ba za su karɓe ki ba. Zauna. Gidan ubanki bai yi miki kaɗan ba." Ta zauna, amma abinci ya ƙi shiga. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru. Ta fara gaya wa kanta cewa shi ke nan, ya zaɓa.

Wata safiya tana wanki sai ga shi a bakin ƙofa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai fara yi mata magana ba. Gaban Papa Callistus ya je ya tsuguna.

"Papa, na yi laifi, na yi shiru a inda bai kamata ba. Na kira Yaya na ce mata na gode, amma ba zan shiga ƙasar kowa da ƙarya ba, kuma ba zan musanta matata ba. Ta kashe waya. Mama ta ce tunda na zaɓi mata, in bar mata gidanta. Na kama ɗaki a unguwar Jama'a. Ba shi da kyau, amma namu ne. Saskatchewan zan nema, mu uku. Na zo roƙon a ba ni iyalina."

"Da me za ka ciyar da su?"

"Da hannuna, Papa."

Tsohon ya yi tsaki, ya dubi 'yarsa don ta ƙi. Ya tarar har ta ɗauraye hannu ta shiga haɗa kaya.

Rayuwar Jama'a ba ta zo da sauƙi ba. Othniel ya kafa teburi a gindin wata bishiya yana gyaran janareta da injin niƙa. Bibiana na taya Modupe sa maɓalli da kalmasa. Duk abin da ya ragu, kafen intanet na Samaru ke cinye shi, inda Othniel ke aika takardun neman aiki ga kamfanonin da ko sunan garuruwansu bai iya faɗa ba. Yawancinsu ba su amsa ba. Waɗanda suka amsa haƙuri suka ba shi. Wani ya kira don intabiyu, ana tsakiyar magana sabis ya ɗauke, bai sake kira ba. Mama Sarah kuwa ko a coci suka haɗu, sai ta kau da kai.

Damina ta biyu ce ta kusa karya su. Rufin ɗakin na yoyo, zazzaɓi ya kama Nnenna har ta fara sanƙarewa. Suka kwashe ta sai asibiti, aka ce jininta ya yi ƙasa. Suna zaune a benci, Othniel ya dafe kai, maganar ta kuɓuce masa.

"Da na bi ta Yaya, da yanzu ina aiko muku da kuɗin magani."

Bibiana ba ta yi kuka ba, kukan ma ya ƙare mata. "Har yanzu kana da lambarta. In ka ga mun zame maka kaya, kira ta. Ba zan riƙe ka ba."

Ya ɗago a firgice. Sai ya zame daga bencin ya kifa fuskarsa a gwiwarta, ƙato da shi, yana shessheƙa a gaban mutane. "Ki yafe mini, Bibi. Gajiya ce ta yi magana. Babu inda za ni ban da ku."

A haka Mama Sarah ta same su, don wata 'yar zumuntar matan coci ta kai mata labari. Ta tsaya daga nesa tana kallo. Ta ga an kira Bibiana an ɗebi jininta an sa wa yarinyar, ta ga ta fito tana layi, amma ruwan da aka miƙo mata mijinta ta fara ba. Tsohuwar ta ajiye kular abinci a gefen benci, ta shiga ta zauna a bakin gadon jikarta. Tun daga ranar, kowace Asabar sai ga ta a Jama'a da ƙullin wani abu, wai hanya ce ta biyo da ita.

Nnenna ta warke. Bayan an yi girbi, wani kamfanin injinan gona a wani ƙaramin gari ya kira. Wannan karon Othniel ya hau tudun bayan gida inda sabis ya fi ƙarfi, Bibiana na ƙasa ta haɗa hannuwa tana addu'a. Da ya sauko, ya nufo ta da gudu.

"Sun ce in zo. Sun tambaye ni mu nawa ne, na ce mu uku. Mutumin ya ce madalla, makarantar garin na neman yara."

Ko bayan wannan sai da suka ƙara jira mai tsawo: lardin ya amince da sunansu, aka yi gwajin lafiya, sannan biza ta fito. Elizabeth ba ta kira ba. Ta dai aiko da gajeren saƙo cewa sanyin can ya fi nasu, su nemi takalma masu kauri.

Ranar tafiya, a tashar motar Abuja, Papa Callistus ya rungume surukinsa. Modupe ta zo da riga da ta ɗinka wa Nnenna, ta miƙa, ta juya da sauri don kada a ga idonta. Mama Sarah ce ta ja Bibiana gefe, ta damƙa mata ƙullin daddawa da kuka.

"Na so in ceci ɗana, sai na manta ke ma 'yar wani ce. Da ya bi maganata, da na raba shi da abin da ya fi Kanada. Ki yafe wa tsohuwa."

Bibiana ta durƙusa, Mama ta ɗago ta ta rungume, suka yi kukansu har direba ya gaji da danna hon.

Haka Othniel da Bibiana suka bar Zariya, a makare amma tare. Masu karatu, musamman matasa masu hanƙoron fita waje, ku riƙe wannan: duk hanyar da za ta sa mutum ya musanta wanda ya yi wa alkawari a gaban Allah, komai saurinta, asara ce a ƙarshenta. Iyaye kuma su tuna, son ɗansu ba ya ba su izinin zubar da 'yar wani. Gaskiya da haƙuri sun jinkirta wa waɗannan biyun tafiya, amma da motar ta tashi, babu wanda aka bari a baya yana jiran waya.