Surukin Alhaji Dalhatu Ya Koma Lebura

Ilham na tsakar gida tana yanka tumatirin da za a shanya, sai ga kakarta Iyatu ta faɗo ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kina nan kina yankan tumatir, wanda za ki aura ya koma lebura!"

"Wane irin lebura kuma, Iya?"

"A gidan suna na ji. An ce ya ajiye aikin ruwa ya tafi leburanci Kura."

Ilham ta yi dariya har da riƙe ciki. "Laburare ne, Iya, ɗakin karatu na gwamnati. Kwas ya yi a Kano, ya nemi taransifa aka ba shi."

"Littattafan, yana ɗauka ko ba ya ɗauka?"

"Yana ɗauka mana, ya jera."

"To lebura ne."

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Shi Mudassiru, wanda za ta aura, ma'aikacin ofishin ruwa ne, a hannunsa makullin ƙofar kanal yake, wadda ke shayar da gonakin ƙauyensu a ƙasar Bunkure. A ranin 2004, mai wannan makulli ko dagaci sai ya tashi ya gaishe shi. Shi ya sa Alhaji Dalhatu, mahaifin Ilham, bai ja zance ba da aka zo neman aurenta, har an sa rana bayan girbin alkama.

Da yamma Mudassiru ya zo ya durƙusa a zaure. Ilham ta kawo ruwa, ta ji muryar mahaifinta, ta tsaya a bayan ƙofa.

"Abu ɗaya na roƙe ka," in ji Alhaji. "Ranar ruwan su Sammani ka juyo min shi gonata. Maimakon ka yi, sai ka jefar da makullin gaba ɗaya?"

"Baba, su Sammani a ƙarshen kanal suke. In na hana su ranarsu, albasarsu ta mutu. Ba zan iya kallon idonka in ce a'a ba, ba kuma zan iya cutar su ba. Aikin littattafan nan tun ina yaro nake sonsa."

"Ni mai makulli na ba 'yata, ban ba mai gadin takardu ba. Tashi ka ba ni wuri."

Kofin ya suɓuce daga hannun Ilham. Ashe duk watannin nan Mudassiru bai taɓa faɗa mata wannan roƙon ba, don kada ta ga baƙin mahaifinta.

Washegari aka mayar da lefe. Alhaji ya san bambancin laburare da lebura sarai, amma kalmar Iyatu ta yi masa daɗi, shi ya riƙa yaɗa ta a majalisa. In Ilham ta fita, mata su ce ga amaryar lebura. Manema suka zo, ta ba kowa haƙuri. Mahaifinta ya daina amsa gaisuwarta, wannan kuwa ya fi komai yi mata ciwo. Ta rame, ta yi kuka har ta gaji. Sau ɗaya ta aika wa Mudassiru cewa ya roƙi a mayar da shi aikin ruwa. Ya aiko da cewa ta yi haƙuri, ba zai koma ba, ba kuma zai zo zance a ɓoye ba.

Wanda ya gaji makullin ba shi da irin kunyar Mudassiru. Duk wanda ya fi cika masa aljihu shi ke shan ruwa, kuma akwai waɗanda suka fi Alhaji. A rani na biyu tumatirinsa ya ƙone yana fure. A bakin kanal aka tsince shi kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace.

'Ya'yansa maza suna Kudu wajen bin motocin kaya. 'Yan majalisa suka zo dubiya makon farko, daga nan ƙafa ta ɗauke. Gida ya rage daga mata sai mara lafiya mai nauyi da ba sa iya juyawa.

Wata la'asar aka yi sallama. Mudassiru ne, ya jingine keke, da littafi a hammata.

"Baba, ya jiki? Na ce ko in ɗan karanta maka labari, zaman zai fi sauƙi."

Alhaji ya juya fuska bango. Mudassiru ya zauna ya karanta wa bayansa. Gobe ya dawo, jibi ma haka. Kullum in ya rufe laburare sai ya taka keke tun daga Kura. Kafin ya buɗe littafi, sai ya goya tsohon ya kai shi banɗaki, ya wanke shi, ya dawo da shi inuwa. Ilham na ɗaki tana jin muryarsa, ba ta taɓa leƙowa ba.

Ranar nan Iyatu ta gan shi ya sunkuya da ɗanta a baya, gumi na zuba. Ta fashe da kuka.

"Ashe dai leburan ne. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Alhaji ya motsa baki da ƙyar, a kafaɗar Mudassiru.

"Kira... Ilham."

Mudassiru ya sauke shi a inuwa, ta zo ta durƙusa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Na... cuce ku. Ka ɗauke ni... ɗauke ta."

Ilham ta kifa kai a ƙafar mahaifinta. Rabon da ya yi mata magana tun ranar da aka mayar da lefe.

Alhaji bai ga ɗaurin auren ba. Ya rasu ana saura kwanaki, littafin da ake karanta masa ko rabi ba a kai ba. Bayan an share makoki aka ɗaura, ba kiɗa ba taro, Iyatu da kanta ta raka amarya tana share hawaye.

Haƙurin Ilham ya kai ta ɗakinta, sai dai ta shiga ba uba. Iyaye, in za ku ba da 'ya, ku dubi halin mutum, kada ku dubi abin da ke hannunsa. Makulli na gwamnati ne, ana karɓewa. Ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukar Alhaji Dalhatu, bayan wanda ya kira lebura ne ya ɗauke shi.