Rautar da Yaya Ya Kawo

Gab da magariba intanet ya fara yi mata nawa, ga takardun mutane a kwamfuta ba ta gama bugawa ba. Ta ja tsaki, ta zura silifas, ta nufi sito a ƙarshen baranda don ta kashe rauta ta biyu, wato na'urar da ke rarraba intanet a gidan, ta sake kunnawa.

Yayanta ne ya kawo mata ita makonni uku da suka wuce. Sana'arsa ke nan, haɗa intanet a gidaje, kuma mutum ne da ko tsohuwar caja ba ya iya kyautarwa. Amma ranar sai ga shi da rauta a leda, wai ta gidansa ce, wai ƙanwarsa ta fi shi bukata. Ya ja kebul daga ta falo zuwa sito, ya sa wa biyun suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, yadda wayarta za ta riƙa sauyawa tsakaninsu ba tare da ta sani ba. Ya ja mata kunne kada ta taɓa ta siton. Baiwar Allah har da ƙwallarta don murna.

Siton na warin ƙonanniyar roba. Ga sanyi kamar an buɗe firij. Ƙwan lantarki ya ƙi kamawa, sai ɗan koren hasken rautar a kan kwali.

Ta durƙusa tana laluben soket. Hannunta ya ci karo da filogi yashe a ƙasa, duk ƙura. Ta bi kebul da yatsa. Bai kai taku biyu ba ya ƙare. An datse shi tsaf, yankan wanda ya san aikinsa.

Hasken kuwa yana nan. Ya kawo, ya ɗauke, a hankali, kamar numfashin mai barci.

Wayarta ta motsa a hannunta. Ba ta taɓa komai ba, murya ta fito ƙasa-ƙasa.

"Sannu da zuwa. Mun daɗe muna jin motsinki."

"Su wa..." ta fara tambaya.

"'Yan gida. Ai sunanmu ɗaya da ku yanzu."

Ƙofa ta fara rufuwa, ƙiiii.

Wani abu mai sanyi ya kama idon sawunta.

Ta wurga wayar cikin duhu, ta fizge ƙafa, ta kutsa ta 'yar kafar da ta rage. Ƙofar ta ci gefen mayafinta.

Da wayar maƙwabciya ta kira yayan. Bai tambaye ta me ta gani ba. Abin da kawai ya so ji shi ne ko ta fito da rautar daga siton. Nan ne ta gane akwai abin da yake ɓoye mata.

"Yaya, dama ka sani?"

Sai ya ce yaransa sun yi wata biyu ba barci, kuma abin da ke cikin rautar ba ya barin gida sai wani gidan ya karɓe shi da hannu biyu.

"Ke kuwa na ga ke kaɗai ce," in ji shi.

Washegari ta kwashe kayanta ta bar gidan. Ƙafar da ta kumbura inda abin ya kama ta warke cikin mako guda. Shi kuma har yau suna haɗuwa a gidan mahaifiyarsu, ta gaishe shi da ladabi. Sai dai "Malam" take ce masa.