Dutsen Gugar da Ya Ɓatar da Ango

A unguwarmu a Multan, ƙasar Pakistan, akwai wata yarinya mai rawar kai. A makaranta, Malama Farzana ta koya musu wata manhaja ta kyauta. Da ita ake haɗa hoton nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya, wato QR.

"Hoton ɗan aike ne kawai, wajen kwamfutarku yake kai waya," in ji malama. "Kada a kashe ta. Kuma ku gaya wa mutanen gida."

Yarinya ta kwashi na farko, ta bar na ƙarshe a aji.

Da bikin yayarta Rukhsana ya matso, ta haɗa hoto aka buga a katin gayyata. Duk wanda ya haska, sai taswirar gidansu ta buɗe. Tsohuwar kwamfutar da taswirar ke ciki kuwa ta ɓoye ta a bayan labule, don a ce siddabaru ta iya.

Ranar biki shinkafar biryani ta dahu, amma ba ango, ba ganga. Sai kawun ango ya kira Abbu, mahaifin yarinyar.

"Bhai, ɗan'uwana, ina gidan naku yake? Hotonku ya kurumce! Mun zaga kasuwar mangwaro har dokin ango ya saba da masu tebur!"

Abbu ya haska kati. Shiru. Ya juya shi, ya goge shi da riga. Shiru. Ammi, mahaifiyarsu, ta ce a gwada a rana. Amarya ta fara kuka, kwalli na zuba.

"Ke, jiya ba yana yi ba?" in ji Abbu.

"Wallahi yana yi, Abbu! Ni ma kaina ya ɗaure."

Ta ruga bayan labule. Kwamfuta a mace. A gefe ga kakarta tana guga, hankali kwance.

"Dadi! Ke kika zare wannan?"

"Akwatin? Ba mai kallo, sai shan wuta. Mayafin amarya zai goge kansa ne?"

"Shi ya sa ango ya ɓata!"

"Ikon Allah! A cikin akwati angon yake? To, 'yar nan, wa kika gaya wa?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Ba kowa. Ki yi haƙuri."

Ta jona kwamfuta. Ba a jima ba aka jiyo ganga a bakin layi, amarya ta yi murmushi.

Da ango ya cire takalmansa, yarinya ta ɓoye su, kamar yadda ƙannen amarya ke yi a al'adarmu. Amma fa ta raɗa wa Dadi inda ta sa.

Yara, abin da jama'a suka dogara da shi, kada ku riƙe shi ku kaɗai. Ku gaya wa na gida.