Na Zucin Auta

Auta na zaune a bakin gado da waya a hannu tana raba gardama. Wata marubuciya ce ke sakin littafinta kashi-kashi a waya, 'yan mata da matan aure suka buɗe guruf don tattauna shi, kuma Auta ce adimin. Aikin ba ko sisi sai ciwon kai, amma ita ji take kamar an naɗa ta alƙaliya.

Doka ɗaya ce a guruf ɗin, ita ma Autar ce ta kafa ta: duk abin da za ki faɗa a kan labarin sai kin kira shi da sunansa. In marubuciya ce ta rubuta da hannunta, wannan "na alƙalami" ne. In ke kika zauna kika saƙa don cike wurin da ta bari a buɗe, ki ce "na zuci" ne, ba mai yi miki musu. In kuwa na zucin wata ya yi daɗi aka yi ta maimaita shi har kowa ya ɗauka, ya zama "na taro". Wannan na ukun shi ke haɗa faɗa. Ranar ma wata ce ta rantse ta karanta cewa jarumin littafin maraya ne, alhali wata ce ta taɓa faɗa da wasa aka bi ta. Auta ta fara rubuta mata tambayar da duk 'yan guruf suka haddace: a wane kashi kika gani?

Ba ta kai ga turawa ba Mama ta leƙo ta ce ta ajiye wayar nan ta zo falo, Goggo ta zo. Mama ba ta kalle ta ba da take faɗa, shi ya sa gabanta ya faɗi.

Goggo yayar Baba ce, kuma ba ta taka gidan sai da labari a bakinta. Tana zaune ko mayafi ba ta cire ba, Baba ya kashe rediyo ya haɗe rai. Maganar Mai Gilashi ce ta kawo ta, wanda manya suka riga suka amince zai auri Auta. Shagonsa na bakin titi, yana yanka gilashin taga da madubi. Mutum ne marar hayaniya, in ya yi magana sai ka matso. Abu biyu ne kawai Auta ba ta sani ba game da shi: wani dogon tabo daga wuyan hannunsa zuwa gwiwar hannu, da wasu shekaru da ya rufe shago ya ɓace daga unguwa. Ta taɓa tambayarsa, ya ja hannun riga ya rufe tabon ya kama wata hirar.

"Shekarun nan da ya ɓace, a gidan yari ya yi su," in ji Goggo. "Mutum ya soka da wuƙa, tabon ma a wurin faɗan ya same shi. Duk unguwa ta sani, mu ne muke barci."

Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma in ya faɗa ya faɗa ke nan. Ya ce ya aika wa yaron ya zo gobe da la'asar, in maganar ta tabbata to an gama, ba zai ba wanda ya zubar da jini 'yarsa ba. Ya kuma ce kada ta kuskura ta kira shi.

Tsoro iri biyu ne ya kama ta. Tana tsoron rasa shi, tana kuma tsoronsa shi kansa, abin da ba ta taɓa ji ba. Ta tuna yadda yake jan 'yar wuƙarsa a kan gilashi ya ɓalle shi ƙas, fuskarsa ko motsi. A da abin burge ta yake yi, yanzu tsikar jikinta ce ke tashi. Abincin rana haka ya huce a gabanta, Mama ta ɗauke.

Da safe, bayan ta yi kuka mai isarta, sai halin adimin ya motsa mata. Ita da ke tsare mutane a kan jarumin takarda, yau an faɗi magana a kan mijin da za ta aura ba ta tambayi inda aka gani ba? Ta haɗa wa Goggo shayi, tunda a gidan ta kwana, ta durƙusa ta tambaye ta a ladabce wa ya gaya mata. Goggo ta harare ta ta ce mai kitson bayan layi ce, in tana da ƙarfin hali ta je ta tuhume ta.

Ta je kuwa. Mai kitso na tsaka da tsaga kan wata, ta ɗan daburce, ta ce ita fa ba ƙirƙira ta yi ba, a bakin 'yar gida ta ji, matar yayan Autar, ranar da ta zo kitso. Da Auta ta matsa, ta yarda cewa ba a ambaci wuƙa ba, gidan yari kawai aka ce. Amma ai in ba wuƙa ba, me zai yi wa mutum wannan tabon?

Auta ta kama hanyar gidan Yaya. Ta samu matarsa, Anti, na guga, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ta a ina ta ji. Anti ta kife dutsen guga ta kalle ta kamar ta ga sabuwar mahaukaciya.

"Ke fa kika gaya min."

Nan take abin ya dawo mata. Wata rana suna linke wanki, ta gama karanta wani kashi mai daɗi, soyayya na ɗibarta, ta ce wa Anti a na zucinta Mai Gilashi zaman gidan yari ya yi saboda ya kare ƙanwarsa daga 'yan iska, shi ya sa ba ya son maganar. Har da lumshe ido ta yi. Ta ce "na zuci" kuwa, wallahi ta ce, amma Anti ba 'yar guruf ba ce, ina ruwanta da wani na zuci? Da Anti ta je kitso sai ta ce Auta ma tana ganin kamar ya taɓa zaman gidan yari. A hanya ƙanwar ta faɗi daga labarin, wuƙa ta hau, kafin labarin ya iso wurin Goggo ya zama na taro. Har ita mai saƙar ba ta gane kayanta ba da aka dawo mata da shi, ta kwana tana tsoron bawan Allah.

Anti ta rikice, ta hau roƙonta ta yi shiru, ai in ya zo ya musa shi ke nan. Auta ta girgiza kai. Ta daɗe a guruf, ta san musu ba ya kashe na taro. Sau ɗaya ta ga ya mutu, ranar da wadda ta fara shi ta fito ta ce ni na saƙa. Sai dai can 'yan mata ne a waya, nan kuwa Baba ne, da Goggo, da shi.

La'asar ta yi. Daga ɗaki Auta ta ji sallamar Mai Gilashi, ta ji ya cire takalmi, ta ji Baba ya ce ya zauna. Ta tashi ta koma ta zauna, ta sake tashi. Da ta ji Goggo ta gyara murya za ta fara, sai ta ga kanta a tsakiyar falo a durƙushe, ba wanda ya kira ta.

"Baba, ni ce. Maganar gidan yari daga bakina ta fita."

Baba ya tambaye ta ko gani ta yi, ko wani ne ya gaya mata.

"Ba ko ɗaya, Baba. Saƙawa na yi, irin yadda muke yi wa mutanen littafi."

Ba ta iya ɗaga kai ba, ƙafafun Mai Gilashi kawai take gani, yatsunsa sun ƙanƙame tabarma. Mama ta yi salati a hankali. Goggo kuwa ba ta saba komawa gida da kunya ba, ta ce to an ji, yarinya ta yi shirme, amma shi ina ya je duk shekarun nan? Mai gaskiya ai ba ya ɓoye inda ya kwana.

Mai Gilashi ya ɗago kai. Ya ce bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta samu taɓin hankali. Ya rufe shago ya kai ta asibiti a wani gari mai nisa, yana kwana a baranda yana wankin mota da rana, har Allah ya kawo sauƙi. Yanzu tana gidansa, tana shan maganinta, lafiya lau.

"Ban so sunanta ya shiga bakin mutane ba," ya ce. "Yau ga shi na saka shi da bakina."

Ya yi wa Baba sallama ya fita. Bai kalli inda Auta take ba.

Baba ya juya ga yayarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in maganar nan ta fita daga falon ya san bakin da ta bi. Goggo ta ja mayafi. Sannan Baba ya ce wa Auta shi ba shi da ja a kan yaron, ya ma ƙara ganin girmansa, amma yanzu magana ta koma hannunsa. In ya fasa, ya yi daidai, kuma ba wanda zai je roƙo.

Makonni suka wuce ba kira ba saƙo. Auta ta miƙa wa wata adimin ta fita daga guruf. Ta bi gidan mai kitso da na maƙwabta ta gaya musu da bakinta cewa ƙarya ta shirya, ba ta ƙara musu ko kalma ɗaya a kan inda ya je ba, duk da yadda suka yi ta bugun cikinta. An yi mata dariya, ta shanye. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, tana zaton ɗan aike ne da labarin fasawa. Ta rame har Mama ta fara yi mata faɗa. Zuciyarta kan so ta saƙa mata abin da yake tunani, sai ta kwaɓe ta, ta ce ba ta sani ba, sai ya faɗa.

Ɗan aiken ya zo daga ƙarshe, amma cewa ya yi mahaifiyar Mai Gilashi na son ganin Auta. Mama ta raka ta. Har suka isa ƙofar gidan Auta ba ta san ko zagi za ta sha ba, ba ta kuma san irin matar da za ta tarar ba. Sai ta tarar da wata 'yar siririyar dattijuwa, tsaf-tsaf, zaune kusa da taga tana gyaran wake a faranti. Auta ta durƙusa ta gaishe ta.

"An ce kin yi wa tabon ɗana labari," in ji dattijuwar. "Matso in ba ki na gaskiya, ni na yi masa shi."

Ta ce lokacin da ciwon ya yi tsanani ta fasa gilashin tagar nan za ta yi wa kanta illa, ya tare da hannunsa. Jini na zuba yana rungume da ita yana ce mata ba komai, Inna, ba komai. Ita ce ta ce masa ya daina ɓoye ta, ciwo ba abin kunya ba ne, kuma yarinyar da ta iya durƙusawa gaban ubanta ta ƙaryata kanta ba ta yarwa ba ce. Auta ta kifa kai a cinyarta ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Duk jarumtar da ta saƙa masa ba ta kama ƙafar wannan ba.

Da za su tafi ta same shi a tsakar gida, hannun rigarsa a naɗe, tabon a fili. Ta ce ya yafe mata. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi.

"In kin ga wuri a buɗe a rayuwata, ki tambaye ni. In na ce ba yanzu ba, ki jira ni."

Ta jira, an kuma yi auren, Goggo ce ma a gaba-gaba kamar ba ita ba. Daga baya 'yan guruf suka matsa Auta ta koma adimin, ta ƙara doka ta biyu a ƙarƙashin ta farko: na zuci na mutanen littafi ne kaɗai.

'Yan'uwana masu karatu, ku saƙa wa jarumin takarda duk abin da ranku ke so, ba shi da uwar da za ta ji ciwo. Amma mutum mai rai, in ya yi shiru a kan wani abu, ku bar masa shirunsa har ya buɗe da kansa. Wataƙila wani yake karewa.