Jan Fenti a Farar Hula

A wata makarantar firamare da ke Tarai akwai wani yaro ɗan aji huɗu mai taurin kai. In aka ce masa gabas, sai ya ce yamma.

Malaminsu, Malam Ishiyaku, ya gaji da tsintar huluna a ƙasa duk lokacin da yara suka fita wasa. Ran Litinin ya zo da dogon katako, ya kafa a bangon aji. Ya ɗaura masa ƙugiyoyi, ɗaya ga kowane yaro. Ya kuma kawo gwangwanayen fenti.

"Kowa ya shafa wa tasa launin da yake so," in ji shi.

Yaron ya zaɓi ja. Ya lafta wa ƙugiyarsa fenti har yana ɗiga. Bango ya yi kyau, kore da shuɗi da rawaya.

"To, ku saurara," in ji Malam. "Wannan fentin mai ne. Kada wanda ya rataye hula sai jibi."

"Haba Malam! Da wannan zafin? Ai tawa ta bushe."

"Ba ta bushe ba."

"Ni dai na ga ta bushe," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

A kansa akwai farar hula sabuwa fil. Yayarsa Mas'uda ce ta ɗinka masa da hannu. Wata biyu ta yi tana aikinta, kuma ita ce hular farko da ta taɓa gamawa.

Da aka fita tara, ya dawo aji a sace. So yake hularsa ta riga ta kowa hawa bango. Ya rataye ta, ya tafi ƙwallo.

Da ya dawo ya ja hular, sai ya ji ta manne. Ya fizgo ta. Ga jan fenti ɓaro-ɓaro a gaban hular.

"Fentin ne ba shi da kyau!" ya ce.

Malam bai doke shi ba. "Je ka faɗa wa mai ɗinkin haka," in ji shi.

A gida Mas'uda ta karɓi hular, ta juya ta. Ba ta yi faɗa ba. Hawaye ne kawai suka cika idonta. Nan yaron ya sunkuyar da kai. Ya ji kunya ƙwarai.

"Yaya, ba laifin fenti ba ne. Malam ya ce mu jira, ni na ƙi. Ki yi haƙuri."

Umma ta goge wurin da kananzir, amma tabon bai fita duka ba.

"Za mu rufe shi da jan zare," in ji Mas'uda. "Amma kai za ka riƙe allura."

Kwana biyar ya yi yana ɗinki bayan la'asar. Ya soke yatsa sau shida. Ya yi ƙunƙuni, ya jefar da allura, ya sake ɗauka. A rana ta biyar ƙaramin tauraro ja ya rufe tabon. Ya ɗan karkace, amma Mas'uda ta yi dariya ta ce ya yi.

"Yaya, ashe haka kika sha wahala?"

"Yanzu ka sani."

Tun daga ranar ya gane cewa ƙin jin maganar manya ba jarumta ba ce, kuma gaggawar minti ɗaya tana iya ɓata aikin wata biyu.