Kurkunun Inna

Haulatu na saka farar rigar aiki, sai uwar mijinta ta buga muciya a ƙasa.

"Sada! Daga nan zuwa kaka, ko 'yar Faransar nan ta bar asibiti, ko ta bar gidana! Mace ta fice tun asuba, goyo na kuka, tuwo sai la'asar?"

Sada ya sunkuyar da kai. Yana son matarsa kamar ransa, amma wa ya isa ya ja da Inna? Haulatu kuwa fari ne ya koro ta daga Magariya ta Nijar. A duk garin Babban Mutum ba ta da kowa sai Sada da aikin nan.

Da kuka ta isa gaban Sista Maijidda, shugabarsu a asibiti.

"Share hawayenki," in ji Sista. "Ki riƙa zuwa da hantsi bayan kin sauke tukunya. Abokiyar aikinki Hadijatu ta riƙe miki safiya, ke ki karɓi aikinta ran kasuwa."

Tuwo ya daina makara, amma Inna ko gezau!

Ana tsakiyar damina kurkunu ya fito wa Inna a ƙafa. Tsohuwa ta ɓoye, don kunyar suruka ta fi mata ciwon zafi. Wata rana Haulatu ta leƙa ɗaki, ta tarar tana shirin fizge tsutsar.

"Inna, kada ki ja! In ta tsinke, ƙafar za ta rure!"

"Ke, ba ki da kunya? Ƙafar uwar miji za ki taɓa?"

"Rufe idonki, Inna, ki ɗauka nas ce ta zo."

Inna ta ja mayafi ta lulluɓe fuska, ta miƙo ƙafa. Kullum kafin ta fita, Haulatu kan durƙusa ta wanke gyambon, ta naɗe tsutsar kaɗan a tsinken ashana, mara lafiya na mita a ƙarƙashin mayafi. Kafin gero ya nuna, Inna ta taka da ƙafarta.

Ranar da aka shigo da damin farko, Haulatu ta tsaya riƙe da rigar aiki, tana jiran hukuncin Inna.

"Inna, kaka ta yi..." in ji Sada.

"To, sai me? Miƙo min jikana! Kai kuma ta da babur ka kai 'yata, masu ciwo na jira!"

'Yata! Haulatu ta fashe da kukan murna.

'Yan mata, ku ji da kyau: zuciyar uwar miji ba a fizgarta, a hankali ake naɗo ta. Mahaƙurci mawadaci.