Malama Ta Juya Baya

Sadiya na tsugune a tsakar gida tana yanka albasa aka ce saurayinta Musaddiq na sallama. Ta wanke hannu da sauri ta zura hijabi, don yau ya yi alkawarin faɗa mata ranar da manyansa za su zo neman aure. Tana shiga zaure ta ga fuskarsa ba walwala.

"Inna ta ce a'a," in ji shi, idonsa a ƙasa.

"Mi niy yi mata?"

"Ta ce in zaɓi kowace ɗiya a Goronyo, ban da ke. Na nemi dalili, ta ce in tashi in ba ta wuri."

Abin ya ɗaure wa Sadiya kai, kuma ya ba ta haushi. Ita ma'aikaciyar lafiya ce. Duk Asabar da safe takan tara mata a gidan gwaggonta Habi, a rufe ƙofa, a kunna sipika, a yi rawar motsa jiki har kowa ta jiƙe da zufa. Masu hawan jini da suga da ciwon gwiwa ne suka fi yawa. Hajiya Kulu, mahaifiyar Musaddiq, tun kafin ɗanta ya san Sadiya take zuwa, kullum a sahun gaba. Jininta ya sauka, barci ya dawo mata, ba ta da kira sai "Malamata". To, yau Malamar ce ba a so a gida?

Daga ranar Hajiya ta ɗauke ƙafa. Gari kuwa ba ya rasa masu fashin baƙi, aka ce ai wa zai aura wa ɗansa mai rawa. Sadiya ta yi kuka ta ƙoshi, ta ce wa Musaddiq, "Ka hwaɗa mata na bar koyar da rawar, in shi ne matsala."

Ya dawo a gajiye. "Hushi ta ƙara. Wai in kin bari, sauran mata su mutu ke nan? Wallahi kaina ya kulle, Sadiya. Ga ciwon kanta ya dawo, jiya sai da munka kai ta asibiti."

A bari ta ƙi, a ci gaba ta ƙi, ga lafiyarta na lalacewa. Takaici ya hana Sadiya cin abinci. Gwaggo Habi ta gaji da ganin haka, ta yafa mayafi ta tafi dubiya. Da ta dawo, dariya take ƙunshewa.

"Ɗiyata, ba ƙin ki takai ba, kunya ta. Cewa tay yi, 'Habi, yarinyag ga ta gan ni da gyale ɗaure a ƙugu ina tsalle awa ƙaramar ɗiya. Ranad da zanena ya kwance ita taɗ ɗaura min. Ita za ta zo ta durƙusa gabana a suruka? Da wane ido zan dube ta?'"

"Don wanga kawai, Gwaggo? Aurena da lahiyarta dut don wanga?"

"Ke kika ga kawai. Wurinta shi ne girmanta."

Sadiya ta so ta je ta yi bayani, sai ta gane zuwan ma wani tonon asirin ne. Ta haɗiye. Asabar na zuwa ta kunna kiɗa ta fuskanci bango, ta ce daga yau kowa ta bi takunta daga baya. Mata suka yi ta ƙorafi, wasu na cewa Malama ta fara girman kai, wata ma ta daina zuwa. Ba ta kula su ba. Gwaggo Habi ce ta kai wa Hajiya labari cikin hira, ba tare da roƙo ba.

Makonni suka wuce shiru. Musaddiq ya rame, baffanninsa sun fara yi masa zancen wata a Rabah. Sadiya na ƙirga wa bango "ɗaya, biyu".

Wata safiya ana tsakar rawa ta ji an buɗe ƙofa. Can daga sahun ƙarshe ta ji wani haki da ta sani sarai. Wuyanta har ƙaiƙayi yake don son waiwaye, amma ta dake har kiɗa ya ƙare.

Sai muryar Hajiya Kulu ta tashi, tana numfashi sama-sama. "Habi, a hwaɗa ma malamag ga ta rage sauri, na kwana biyu ban yi ba." Ta ɗan tsaya. "A kuma hwaɗa ma babanta, Juma'a baffannin yaro na tahe."

Mata suka ɗauki guɗa. Sadiya na nan tsaye fuskarta a bango, hawaye na bin zufa, har ta ji fitar Hajiya.

Wanda ke son shiga zuciyar babba, ya fara tsare masa mutuncinsa, ko da a ganinsa abin ƙarami ne. Haƙurin da Sadiya ta yi ne ya ba ta miji, ya kuma mayar wa surukarta lafiya. Har yau tana koyar da rawa a gidan Gwaggo Habi, kuma ba ta taɓa waiwayowa ba.